Ƙarfe ba ya cin wuta, to me ya sa muke shafa masa wannan fenti?

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa mai wannan gini zai zuba kuɗi a fentin kare gobara alhali ƙarfe ba ya kamawa da wuta, ga kuma jan fentin hana tsatsa da araha. Har ka ce ko mu tsinka fentin gobarar ya ishe mu. Zauna ka ji da kyau, don rayukan mutane ne a ciki.

Gaskiyarka, ƙarfe ba ya ci. Amma ka leƙa maƙera ka gani: maƙeri ba ya jiran ƙarfe ya narke, da ya yi ja sai ya lanƙwasa shi yadda yake so. Ƙarfen gini sai zafi ya kai wajen digiri 1,500 yake narkewa, amma tun a digiri 550 kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfinsa ya tafi, a 600 kuwa ƙarfin da ya rage rabi ma bai cika ba. Wutar da ake gwada kayan gini da ita tana wuce digiri 800 cikin minti 30. To ka duba abin da 'yan kasuwar Maradi ke cika shaguna da shi: katifa, atamfa, robobi, jarkokin man gyaɗa. Wutarsu ba ta jira. Kafin ma ƙarfen ya yi laushi yana miƙewa. Mai tsawon mita 10, in zafinsa ya ƙaru da digiri 500, sai ya ƙara kusan santimita 6, ya tunkuɗe bango. Daga nan sai ya lotsa, bene ya zauna a kan mutane.

Wannan fentin da kake gani fari, kamar kowane fenti, aikinsa sai wuta ta zo. Da zafi ya kai wajen digiri 200 zuwa 250, sinadaran cikinsa sai su kumbura, su zama baƙar kumfa mai kauri, wani har ninki 50 na yadda aka shafa shi. Kumfar ce ke tsare ƙarfen daga zafi. Ba ta kashe gobara, lokaci take ba mutane: minti 30, 60, 90 ko 120, gwargwadon abin da injiniya ya rubuta. Shi ne R30 ko R60 da kake gani a takardar aiki. A cikin wannan lokacin ne mai shago da yaransa za su fita, 'yan kwana-kwana su iso.

Yanzu batun tsinkawa. Duk amfanin fentin nan a kaurinsa yake. In ka tsinka shi, ido zai ga fari tas, mai gini ya biya ka, amma ranar gobara kumfar ba za ta kai ba. Wannan cin amana ne, kuma ba a shagona ba. Kaurin ma ba ɗaya ba ne ko'ina. Siririn ƙarfe ya fi kakkaura saurin ɗaukar zafi, don haka shi ya fi buƙatar fenti, ko da yake masu koyo sukan zaci akasin haka. Kamfanin da ya yi fentin yana ba da jadawali na kowane girman ƙarfe; shi za ka bi. Kana shafawa kana auna ɗanyen fentin da ɗan ma'aunin nan mai haƙora, in ya bushe a sake aunawa da na'ura.

Kafin nan, ka kankare tsatsa da maiƙo da ɓawon walda, ka sa fentin ƙasa wanda kamfanin ya amince da shi, don wani fentin ƙasan yana sakin kumfar ta zube idan wuta ta zo. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gabarka, sai ka goge ƙarfen dab da shafawa. A bazara, ƙarfen da ya sha rana yana busar da fenti kafin ya kama, sai ka yi sammako. Da damina kuwa, irin wanda ake haɗawa da ruwa ba ya son laima ko kaɗan, dole a rufe shi da fentin sama.

Inda ƙarfe zai ɓuya cikin silin, ni na fi son a feshe shi da kwaɓin kare wuta ko a lulluɓe shi da allon filasta, ya fi sauƙin kuɗi. Fentin nan na ƙarfen da ake son gani ne a fili.

Abu biyu za ka faɗa wa mai gini da bakinka kafin mu tashi. Kada a manna allo ko kantar kaya a jikin ƙarfen, don kumfar na buƙatar wurin tashi. Kuma duk wanda ya zo daga baya ya yi walda don rataya allon talla ko fanka, ya ƙona fentin wurin ke nan. A kira mu mu kankare, mu sake shafawa har kaurin ya koma daidai.