Tambaya da Amsa: Ƙasar da Aka Ƙera Kayan Nutso, Me Take Gaya wa Mai Saye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala koyon nutso a teku da tukunyar iska, yanzu ina so in mallaki kayana in huta da haya. Wasu sun ce in nemi na Italiya, wasu sun ce na Amurka ya fi ƙarko, kowa kuma yana ja mini kunne a kan na ƙasashen Asiya. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, sunan ƙasa shi kaɗai ba zai tabbatar maka cewa ragileta, wato na'urar da ke rage matsin iskar tukunya domin ka shaƙa, za ta ba ka iska a zurfin mita 30 ba. Tun da Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka haɗa ragileta ta zamani a Faransa a 1943, sana'ar ta bazu. Akwai Cressi da Mares a Italiya, Apeks a Ingila, Poseidon a Suwidin, Tusa a Japan, ga Suunto na Finlan da Shearwater na Kanada masu kwamfutar hannu ta nutso. Sai dai ƙasar kamfani daban, inda masana'anta take daban. Scubapro kamfanin Amurka ne, amma a Italiya ake ƙera ragiletocinsa da dama, kuma gilasan fuska da takalman ninkaya masu ɗauke da sunayen Turai, da yawansu daga Taiwan da Sin suke fitowa. Wanda ya ce maka ka guji na Asiya, mai yiwuwa gilashin Asiyar ne a fuskarsa.

Abin dubawa shi ne tambarin gwaji. Juya ragiletar ka nemi EN250 a jikin ƙarfen da ake ɗaurawa a kan tukunya. Wannan ma'aunin Turai ne, ana gwada numfashi da ita har zurfin mita 50. In ka ga an rubuta >10°C (wato sama da digiri 10) kusa da shi, ta ruwan ɗumi ce kawai. Dalili kuwa, iskar da ke fitowa daga bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne) tana sauka zuwa bar 9 ko 10 cikin ƙiftawar ido, sai ta yi sanyi ƙarara. A ruwan da bai kai digiri 10 ba ƙanƙara na iya kama cikin ragiletar, bawul ɗinta ya tsaya a buɗe, iska ta yi ta kwarara har tukunya ta ƙare cikin 'yan mintoci. EN250A kuma na nufin an gwada ta mutum biyu suna shaƙa a lokaci guda, har mita 30.

Sai kayan gyara. Ragileta na bukatar sabis duk shekara ko shekara biyu, ko bayan nutso 100, gwargwadon ƙa'idar kamfanin, kuma yawancin kamfanoni ba sa sayar da zobban roba da sauran kayan ciki sai ga makanikan da suka horar. Kafin ka biya, tabbatar akwai mai sabis ɗin wannan samfurin inda hannunka zai kai. A ganinmu wannan ya fi sunan ƙasa nauyi nesa ba kusa ba.

Tambaya: Na sami tukunyar alminiyam ta hannu, 'yar Amurka, ba bawul. Wani abokina yana da bawul da ya sayo a Turai, na gwada ya shiga. In kai a cika?

Amsa: Don Allah kada ka kai. Cire shi yau ɗin nan. A nan ne ƙasar ƙira take zama maganar rai da mutuwa.

Tiredi shi ne zagayen cikin wuyan tukunya da ake murɗa bawul a kai. Wuyan tukunyar Turai yawanci tiredin M25x2 gare shi, wato faɗin milimita 25 da tazarar milimita 2 tsakanin kowane zagaye. Na Amurka kuwa 3/4 NPSM ne, faɗinsa ya ɗara milimita 26, tazararsa kusan milimita 1.8. Bambancin bai taka kara ya karya ba a ido, shi ya sa bawul ɗin Turai ke shiga wuyan tukunyar Amurka, ya yi 'yan zagaye, har zoben roba ya toshe iska kamar komai lafiya. Alhali bakin tiredin ne kawai ya ɗan kama. A bar 200, ƙarfin da ke tura bawul ɗin waje ya kai kusan nauyin tan guda. Ranar da tiredin ya saki, bawul ɗin zai fita kamar harsashi, kuma galibi wajen cikawa hakan ke faruwa, lokacin da mutum ke tsaye a kansa. An sha rasa rayuka ta wannan hanya.

Dubi kafaɗar tukunyar da gindin bawul ɗin, sau da yawa ana buga girman tiredin a wurin. In babu rubutu, mai gwajin tukwane ya auna da ma'aunin tiredi. Bawul ɗin da ya dace yana shiga da hannu sumul har ƙarshe. Wanda ke girgiɗi a farko sannan ya cije a tsakiya, ba nasa ba ne, kuma ba a matsa masa da sifana.

Tunda ta hannu ce, karanta sauran rubutun kafaɗar. Tambarin DOT na Amurka ne, TC na Kanada, kuma masu cika iska a wasu ƙasashe ba sa karɓar tukunyar da ba ta ɗauke da tambarin da dokarsu ta sani. Duba kwanan gwajin ƙarshe: a Amurka ana gwajin matsin ruwa duk shekara 5, ana leƙa cikinta duk shekara. In kuma Luxfer ce da aka ƙera kafin tsakiyar 1988, alminiyam ɗinta samfurin 6351 ne, wanda aka san shi da tsagewa a wuya sannu a hankali. Wurare da yawa sun daina cika irinta.

Tambaya: Ragileta mai DIN ko mai yok, wacce zan saya? Ina yawan tafiya nutso ƙasashe daban-daban.

Amsa: Yok ita ce mai maƙalewa ta saman bawul a ɗaure ta da dunƙulen noti ta baya, kuma ita ta fi yawa a Amurka da tsibiran Karibiyan. Iyakarta bar 232. DIN ta samo asali daga ma'aunin Jamus, murɗa ta ake yi cikin bawul, zoben robarta na ɓoye a ciki inda ba zai yi saurin fita ba. Mai zagaye 5 ta bar 232 ce, mai zagaye 7 ta bar 300. Shawararmu ga matafiyi: DIN mai zagaye 7, da ɗan mahaɗin da ke mayar da ita yok a cikin jaka. Tukwanen haya da yawa ma bawul ɗinsu na da toshi a baki, da an kwance shi da alanki ya koma DIN. A kula, a Turai tukwanen naitiroks, iskar da aka ƙara wa oksijin, na iya zuwa da bakin M26, wanda DIN ta yau da kullum ba ta dace da shi ba.

Tambaya: An kawo mini geji daga Amurka, lambobinsa sun kai dubbai, na malaminmu kuwa ɗaruruwa ne. Ya lalace ne?

Amsa: Lafiyarsa ƙalau, da psi yake ƙirga matsin iskar tukunya, na malaminku da bar. Bar 1 kusan psi 14.5 ne. Tukunyar alminiyam da Amurkawa ke kira 80 lita 11.1 ce, tana cika a psi 3000, wato bar 207, iskar cikinta kusan lita 2,300. Ta ƙarfe mai lita 12 a bar 232 kuwa ta doshi lita 2,800. Haɗarin yana wajen ajiyar dawowa. Mai bar an koya masa ya fito da 50 a tukunya, kusan psi 725 ke nan, mai psi kuma an saba masa da 500, wanda bai kai bar 35 cikakke ba. A ƙarƙashin ruwa da yatsu ake magana, don haka ku daidaita alamominku da abokin nutsonka tun kuna kan jirgi. In duk abokanka bar suke karantawa, sauya gejin ya fi sauƙi. Bakin tiyonsa inci 7/16 ne a ragiletocin zamani na kowace ƙasa, zai ɗauru ba tare da wani mahaɗi ba.