Tambayoyin Masu Karatu: Sabuwar Kwamfuta, Amma USB Ya Ƙi Aiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya na haɗa da hannuna. Da na kunna sai ta rubuta "USB device over current status detected", bayan daƙiƙa 15 ta mutu. Kibod da maus kawai na jona mata. Madabod ɗin ne ya lalace?
Wani ɗalibi daga Tudun Wada, Kaduna

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka mayar wa mai shago madabod (babban allon da sauran kayan kwamfuta ke haɗuwa a kansa) tukuna, mai yiwuwa ba shi ne ya lalace ba. Kowace kafar USB tana ba da wuta bolt 5, kuma akwai ɗan abin kariya da ke lura da yawan wutar da ake ja. Wannan saƙo yana nufin an ja fiye da kima, galibi saboda wani ƙarfe ya taɓa inda bai kamata ba, shi ya sa kwamfutar take kashe kanta kafin wani abu ya ƙone. Daina kunna ta a kai a kai, kana ƙara wahalar da ita ne.

Zare filogi daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 don ragowar wuta ta fita. Cire kibod da maus, ka kunna. In saƙon ya ɓace, ɗaya daga cikinsu ne, ko wayarsa. In yana nan, ɗauko tocila ka leƙa kafofin baya ɗaya bayan ɗaya. Faifan ƙarfen nan da ake maƙalawa a bayan akwati yana da 'yan harsuna da ya kamata su kwanta a saman kafofin, to wajen tura madabod sau da yawa ɗaya yakan lanƙwashe ya shige ciki. Wannan yakan kama sababbin masu haɗi.

Ba shi ba ne? Zare duk wayoyin USB na gaban akwati daga madabod ka sake gwadawa, domin wani lokaci akwati kan zo da kafar gaba a lalace tun daga kwali. Na ƙarshe, 'yan ginshiƙan tagulla da madabod ke zama a kansu: dole kowanne ya dace da ramin noti. In akwai guda ɗaya rara a ƙasa, zai taɓa layukan wuta. Fitar da madabod, ka ɗora shi a kan kwalinsa, ka kunna da RAM da firosesa (da fankarsa) da allon kallo kawai. Sai in saƙon ya fito a nan ma, sannan ka koma shago da rasit.

Tambaya: Kafofin baya suna aiki, na gaba kuwa shuɗin ba ya ganin filash ko kaɗan. Baƙin kuma in na sa hadisk na waje sai ya yi ta ƙas-ƙas bai buɗe ba.
Wata mai shagon buga takardu, Kawo

Amsa: Malama, matsala biyu ce daban-daban. Shuɗiyar kafa USB 3.0 ce, wayarta mai kauri tana shiga mazauni mai fil 19 a madabod. Fil ɗin sirara ne ƙwarai, in an tura wayar a karkace sai ɗaya ya kwanta. A kashe wuta, a zare ta a miƙe ba tare da girgizawa ba, a duba. Wanda ya lanƙwashe ana iya tayar da shi a hankali da bakin allura, amma in ya karye shi ke nan, sai a sayi katin USB na PCIe, wato katin ƙarin kafofi da ake cusawa a madabod. A kuma tabbata wayar baƙar kafa tana mazaunin da aka rubuta USB, domin na sauti shi ma fil 9 gare shi, gurbin da babu fil ne ya bambanta su.

Ƙarar hadisk kuwa ƙarancin wuta ne. USB 2.0 miliamf 500 take bayarwa, 3.0 kuma 900, hadisk ɗin yana bukatar wuta mai yawa lokacin da faifansa zai fara juyawa. Ki sa shi a shuɗiyar kafa ta baya, da gajeriyar wayarsa ta asali. Kada ki bar shi yana wannan ƙara, aikin mutane ne a ciki.

Tambaya: Kibod da maus suna yankewa su dawo, musamman in muna kan janareta. Kuma in na taɓa akwatin nakan ji wuta tana ɗan ja na.
Wani mai karatu daga Rigasa

Amsa: Malam, fara da jan wutar nan, ya fi komai muhimmanci. Alama ce soket ɗinka ba shi da wayar ƙasa, ko kuma ekstenshan ɗin mai waya biyu ne. Jikin kafar USB a haɗe yake da akwati, don haka wutar da ta rasa hanyar fita tana iya dagula saƙo, a hunturu kuma da iska ta bushe abin yakan ƙaru. Kira mai gyaran wuta ya duba, ka sa UPS (na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke) tsakanin janareta da kwamfuta.

Daga nan sai manhaja. Sauke direban chipset, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da madabod, daga shafin Intel ko AMD, kada ka dogara da wanda Windows ta sa da kanta. Buɗe Device Manager, ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers, ka shiga kowane Root Hub, a Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe na'ura don tattalin wuta. In madabod ɗinka B550 ne ko X570, a 2021 AMD ta amsa cewa akwai irin wannan yankewa, ta kuma fitar da gyara mai suna AGESA 1.2.0.2 da ke zuwa cikin BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod kansa, saboda haka sabunta BIOS. Amma kada ka soma sai kana kan UPS mai caji, domin in an ɗauke wuta a tsakiya madabod na iya ƙin tashi.

In maus ɗin marar waya ne, nisanta ɗan makarɓinsa daga kafar USB 3.0, tana kawo cikas ga zangon 2.4GHz. Gajeriyar wayar ƙari ta USB 2.0 ta isa.

Tambaya: Ina sa Windows 7, da an zo zaɓen harshe sai kibod da maus su mutu, alhali suna aiki a BIOS.
Wani mai gyara daga Barnawa

Amsa: Windows 7 ba ta zo da direban USB 3.0 ba, sababbin madabod kuma, tun daga zubi na shida na firosesar Intel a 2015, da shi kaɗai suke aiki. Kibod mai zagayayyen kai na PS/2 zai fitar da kai in akwai kafarsa. Sai dai Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, kuma sababbin kaya da yawa ba su da direbanta. Shawararmu, ka sa wa mai kwamfutar Windows 11.