Yayar maigidana ta ce kukana rashin bangaskiya ne

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aiki, yaya iyali? Allah ya ƙara miki ƙarfi da hikima.

Na daɗe ina so in rubuto miki, sai in fara in goge. Yau dai na ce ko me za a yi sai na amayar da shi, domin ya tsaya mini a maƙogwaro. A Gombe nake zaune, malamar firamare ce ni, yarana uku. Baban yara ya rasu bara da damina bayan ya sha jinya. Tun ranar da muka kai shi gida can wajen Billiri, yayarsa ta sa ni gaba. Laifina ɗaya, wai ina kuka.

A bakin kabari ma, Mama, ana sauke akwati ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na durƙushe. Sai ta kamo damtsena ta matse, ta raɗa mini a kunne, "Ki rufa mana asiri, mu masu bi ne, ba ma kuka irin na marasa bege." Na haɗiye. A zaman makoki duk wanda ya shigo ta'aziyya, da hawaye ya zubo mini sai ta harare ni, ta ɗauko waƙa da ƙarfi don kada a ji muryata. Wannan ma na haɗiye, na ce ranar baƙin ciki ce, zai wuce. Bai wuce ba.

Kusan kowace Asabar tana gidana. Da ta shigo idona za ta fara dubawa. In ya yi ja, shi ke nan, an fara wa'azi: ƙaninta yana wurin Ubangiji, za mu sadu a tashin matattu, kukan me nake yi in da gaske na ba da gaskiya? Mama, kuka zunubi ne? Mutumin da na yi jinyarsa, ni ce wanka, ni ce wanke ciwo, ni ce kwana a kan tabarma a asibiti, ni ce ɗauko shi daga gado zuwa kujera. Ita a lokacin sau nawa ta zo? Ba na so in ƙirga mata, Allah ya gani. Amma yau ita ce mai bangaskiya, ni ce marar ita.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar ta shiga ɗaki ta kwashe kayansa. Rigunansa, sandarsa da ke bayan ƙofa, Littafi Mai Tsarki nasa da ya cika da rubutun hannunsa, har takalminsa ƙafa ɗaya da ke ƙarƙashin gado. Wai ajiye kayan mamaci ne ke hana ni mantawa. Wa ya ce mata ina so in manta? Ban ce komai ba, domin akwai yadda abin yake tsakanina da danginsa tun farko.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Zumuntar Mata, ƙungiyar matan cocinmu. Ta miƙe a gaban kowa ta ce a sa wata 'yar'uwa cikin addu'a, wadda bangaskiyarta ta yi sanyi tun da aka yi mata rashi. Ba ta kira suna ba, amma wa aka yi wa rashi in ba ni ba? Mata suka riƙa waiwayena. Tun daga ranar ban sake saka kayan zumunta ba. Ko da Ista ban je sujada ba, domin ita ke jan waƙa. Autata ma ta dawo daga makarantar Lahadi tana damuna, wai in Baba ya tashi ƙafarsa za ta dawo ne ko da sanda zai tashi, na ce ta rabu da ni, irin wannan magana ana yinta ne a coci don a kwantar wa mutane da hankali. Kin ga har yara abin ya shafa, duk saboda matar nan.

Ni ban hana ta bangaskiyarta ba. Ta bar ni in yi kukan mijina, shi ke nan roƙona. Ashe wanda ya yi kuka ya fita daga cikin masu bi? Mama, in hana ta shiga gidana ne, ko in canza coci in huta? Ki ba ni shawara, na gaji da haɗiyewa.

'Yarki cikin Ubangiji, daga Gombe.

AMSA

'Yata, sannu da rashi. Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya raya miki yaran nan.

Ban ji ta bakin yayar maigidanki ba, kuma ba na son yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Amma a kan kuka ba sai na jira ta ba: ba ta da gaskiya. Ayar da take jifanki da ita tana cikin 1 Tasalonikawa 4:13, kuma Manzo Bulus bai hana baƙin ciki a wurin ba, baƙin cikin wanda ba shi da bege ya hana. Isra'ilawa sun yi kwana 30 suna makokin Musa. Da aka jajjefe Istifanas, masu tsoron Allah ne suka binne shi, Ayyukan Manzanni 8:2 ta ce sun yi masa kuka mai tsanani. Ubangiji da kansa ya tsaya a Betanya, Li'azaru yana da kwana 4 a kabari, ya san sarai yanzu zai kira shi ya fito, amma ya zubar da hawaye. Ta je ta gaya wa Yesu bangaskiyarsa ta yi sanyi mana. Abin da ta yi miki a zumunta kuwa tonon silili ne, ko da an rufe shi da "bari mu yi addu'a". Ki yi kukanki.

Sai dai ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Maganar autarki ce, wadda kika rubuta a layi biyu kika wuce. Yarinya ta yi miki tambayar da ta fi kowace tambaya nauyi a gidan nan, kika ce mata magana ce ta kwantar da hankali. Na san da zafin zuciya kika faɗa, kina fushi da yayar maigidanki sai kika huce a kan abin da take yawan ambata. Amma yaro ba ya rarrabe maganar fushi da ta gaskiya. Abin da ta ji shi ne uwarta ta ce babanta ba zai tashi ba, malaman makarantar Lahadi kuma daɗin baki suke yi mata.

Ba ke kika fara wannan magana ba. A ikilisiyar Koranti, can ƙasar Girka, an sami masu bi da suke cewa babu tashin matattu, suna kuma zuwa sujada abinsu. Bulus ya rubuta musu wajen shekara ta 55, bai lallaɓa su ba. Ki buɗe 1 Korantiyawa sura 15 ki karanta da kanki. Ya ce in matattu ba sa tashi, to Almasihu ma bai tashi ba. In kuwa bai tashi ba, wa'azin manzanni banza ne, bangaskiyarmu banza ce, muna nan cikin zunubanmu, waɗanda suka mutu cikin Almasihu sun hallaka, mu kuma mun fi kowa zama abin tausayi. Bai bar mana wurin tsayawa a tsakiya ba, inda mutum zai riƙe kyawawan koyarwar Yesu ya ajiye tashinsa a gefe. Romawa sun gicciye mutane da yawa, gicciye kaɗai bai bambanta shi da su ba. Tashinsa a rana ta uku ne shaidar cewa Allah ya karɓi hadayarsa, mutuwa kuma ta kasa riƙe shi. Saboda haka muke taruwa ran Lahadi, ranar farko ta mako, ranar da mata masu bin Yesu suka tarar da kabarinsa wayam.

Ki lura kuma Bulus bai kawo ta a matsayin maganar lallashi ba. Shaidu ya jero: Bitrus, manzanni sha biyun nan, 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, ya ce yawancinsu suna da rai a sa'ad da yake rubutu, sannan Yakubu, sannan shi kansa da a da yake farautar masu bi. Mai son kwantar wa mutane da hankali kawai ba ya nuna musu waɗanda za su je su tambaya. Ɗauri da bulala da suka sha a kan wannan shaida ma ba irin abin da mutum ke jurewa ba ne saboda daɗin baki.

Yanzu ga amsar yarinya, domin tana da amsa. Yesu da jiki ya tashi. A Luka 24 almajirai sun tsorata suna zaton fatalwa ce, ya ce su taɓa shi su ji nama da ƙashi, ya karɓi gasasshen kifi ya ci a gabansu. Filibiyawa 3:21 ta ce zai sāke jikinmu na ƙasƙanci ya zama kamar nasa mai ɗaukaka. Bulus ya kawo misalin iri, ke kuma 'yar manoma ce, kin san ƙwayar dawar da aka binne ba ita ake girbewa ba, amma dawa ce ke fitowa, ba wani abu dabam ba. Ana shuka jiki cikin rauni da ruɓa, ana ta da shi da iko, ba ya sake ruɓewa. Don haka ki ce mata babanta ne zai tashi, shi ɗin dai, za ta gane shi, da ƙafafunsa biyu, ba ya bukatar sanda. In tana da wayo za ta ce ai Yesu ya tashi da tabon ƙusoshi. Ki ce mata haka ne, ya nuna wa Toma don ya tabbata shi ne, amma tabon bai hana shi tafiya daga Urushalima zuwa Imuwasu ba.

A nan zan juya ga dukanmu masu karatu, domin laifin ba na wannan baiwar Allah kaɗai ba ne. Ku saurari abin da muke faɗa a gidajen makoki daga Gombe zuwa Kaltungo, daga Bauchi zuwa Tafawa Ɓalewa. "Ya zama mala'ika." "Jiki ai ƙasa ne, ya gama aikinsa." A wace sura aka ce mutum yana zama mala'ika? Muna miƙewa mu haddace shaidar bangaskiya, mu ce mun gaskata da tashin jiki, mu fita mu gaya wa marayu wani abu dabam. A jana'iza a kwashe awa biyu ana tarihin mamaci da gabatar da manyan baƙi, tashin matattu kuwa sai a minti biyar na ƙarshe rana ta riga ta ƙona mutane. Maƙwabtanmu Musulmi sun gaskata da tashin ƙiyama, yaransu ma sun san haka tun suna ƙanana. Namu begen a ɗaure yake da tashin Almasihu, wanda Bulus ya kira nunan fari, amma yaranmu da yawa ba za su iya faɗa maka haka ba. Wasu kuma, irin yayar nan, sun mai da tashin matattu abin rufe bakin mai kuka. Wanda ya gaskata jiki zai tashi ya san jikin nan yana da daraja a wurin Allah, ba zai yi mamaki ba don matar da ta wanke shi ta ɗauke shi tana kewarsa.

'Yata, in maganar nan ba ta fushi ba ce, in da gaske shakka ta shige ki tun da kika ga an rufe shi da ƙasa, kada ki ɓoye. Toma ya faɗi tasa a fili, Ubangiji bai kore shi ba. Ki sami matar Fasto ko wata dattijuwa da kika amince da ita ki faɗa mata yadda kika faɗa mini.

Batun canza coci, ban yarda ba. Ba ke kika yi abin kunya ba, kuma yaranki suna bukatar makarantar Lahadin da ta sa autarki ta yi wannan tambaya. Hana ta shiga gida ma ban ba ki shawara ba, gwaggon yaranki ce, kuma ba ki gaya mini abin da ke tsakaninki da dangin mijinki tun farko ba, na ga kin taɓa kin janye. Ba ki kuma faɗi inda ta kai kayan ba. Ba zan yi mamaki ba in suna ɗakinta, domin ita ma ƙaninta ta binne, mai yiwuwa ta goya shi. Wannan bai ba ta izinin shiga ɗakinki ba kya nan ba.

Ki fara da yarinya a daren nan, tare da yayyenta, ki ce mata amsar da kika ba ta ran nan ba daidai ba ce, ki karanta musu Yahaya sura 11. Bayan haka ki ɗauki dattijo ɗaya daga ikilisiya da babba ɗaya daga dangin marigayi, ku je gidanta, ba a bakin coci ba. Ki gaya mata da ladabi cewa za ki yi kukan mijinki iya yadda ya zo miki, ba kya so a sake kai sunanki gaban zumunta a fakaice, kuma ta dawo da kayan, musamman Littafi Mai Tsarki mai rubutun hannunsa, gādon yara ne. In ta nemi ta riƙe riga ɗaya, ki bar mata.