Shin Karatu a Gida Zai Sa Yaro Ya Tashi da Tausayi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna shawarar cire 'ya'yanmu biyu daga makaranta mu koyar da su a gida, saboda tun da babban ya shiga firamare ya koyo zagi da cin zalin ƙaninsa. Shin hakan zai sa su tashi da tausayi da kirki? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya shirya mana zuri'a.

Yaro da tsiron tausayinsa yake zuwa duniya. Masu bincike Felix Warneken da Michael Tomasello sun nuna a 2006 cewa yara 'yan wata 18 sukan miƙa wa babba abin da ya suɓuce masa ba tare da an roƙe su ba, sannan a 2008 suka gano cewa waɗanda aka riƙa ba su lada a kan taimakon sun rage yinsa daga baya. Ke nan abin da wannan hali yake bukata shi ne wurin da za a yi ta aikata shi, kuma a nan ne ya kamata ku auna shawararku.

Maria Montessori, masaniyar ilimin yara 'yar Italiya, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, ta haɗa yara 'yan shekara uku zuwa shida a aji ɗaya, domin babba ya saba da jan ƙarami a jiki yana koya masa. Binciken da Angeline Lillard ta jagoranta a Milwaukee ta Amurka a 2006 ya nuna cewa yaran irin wannan aji sun fi takwarorinsu kula da adalci da wasa cikin lumana, ko da yake makarantar Montessori ɗaya ce tak aka duba.

Gida yana da wannan falalar, tunda wa da ƙani suna tare, kuma idon uwa yana kansu. Inda yake da rauni shi ne rashin bare. Tausaya wa ɗan'uwa ba shi da wuya. Abin da ke da wuya shi ne haƙuri da yaron da ba ku haɗa komai ba, wanda wataƙila ma ya ɓata maka rai. Wannan na daga cikin hujjojin da Jamus ta kafa wajen hana karatu a gida, kuma Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta goyi bayanta a 2006, alhali a Amurka duk jihohi 50 sun halatta shi. A ganina Jamus ta tsaurara, amma damuwarta ba ta banza ba ce.

Kafin ku cire su, ku zauna da malamin babban ku ji ko shi ma ana cin zalinsa ne, domin sau da yawa wanda aka zalunta a aji kan huce a kan ƙaninsa. Idan kuma kun tsaya a kan karatun gida, ku tanadar musu ranakun haɗuwa da 'ya'yan wasu a kowane mako, ku ɗora wa babban nauyin koya wa ƙaninsa karatu, kuma kada ku biya shi a kan haka.