Amsar tambayar Yaya kan jar riga da ƙwallon Nebraska

Yaya barka da war haka, a gaida su Umma. Ka tambaya wai me yasa duk hoton da muka turo ranar Asabar daga ni har yara jar riga ce a jikinmu, kalar ƙungiyar ƙwallon Nebraska, bayan kaji ance ƙungiyar ma kashi take sha. Toh ba ƙarya aka faɗa maka ba, ta sha kashi kam, daga 2017 har 2023 shekara bakwai a jere wasannin da aka cinye ta sun fi waɗanda ta ci yawa.

Da farko dai wannan ba irin ƙwallon da ka sani bace, ta Amurka ce da ake rungume ta a ruga da gudu ana kokawa da hular kwano a kai, kuma ƴan wasan ɗaliban jami'ar jihar Nebraska ne dake nan garin Lincoln. Jihar nan ta masara da shanu ce, bata da babbar ƙungiyar ƙwararru ko ɗaya, don haka manomi da likita da mai aikin mayanka duk wannan ɗin ce tasu. Filin yana ɗaukar mutum sama da 85,000 kuma tun 1962 ba a taɓa buga wasa a gida tikiti yayi kwantai ba. Sun ɗauki kofin ƙasa sau biyar, 1970, 1971, 1994, 1995 da 1997, tsofaffin garin har yau da wannan suke tinƙaho.

Kakar 2021 ce ta fi ci mana rai wallahi. Wasa 12, muka ci 3 aka cinye mu 9, amma duk taran nan babu wanda tazarar ta kai maki goma, kullum sai an zo dab da tashi sannan abu ya kuɓuce. Ƙungiyar Michigan ta ci mu 32 da 29, ta Oklahoma 23 da 16, ta Michigan State sai da aka yi ƙarin lokaci. Na ƙarshe da Iowa maƙwabtanmu kuwa muna gaba 21 da 6 muka zauna muna kallo suka rama suka wuce aka tashi 28 da 21, a falon da muke kallo ba wanda ya iya cewa uffan, ɗana babba ya tashi ya shige ɗaki ko tuwon bai taɓa ba. Kocin lokacin Scott Frost ɗan jihar ne, shi ya ja ragamar ƴan wasan da suka ɗauki kofin 1997, shi yasa mutane suka yi ta haƙuri da shi har Satumban 2022 da Georgia Southern ta zo har gida ta ci 45 da 42, washegari aka sallame shi da kusan dala miliyan 15. Wannan kuɗin ni har yau bai kwanta min ba, ga ɗalibai na fama da bashin karatu.

Mu nan bamu da yawa, ƴan Najeriya da Nijar da ƴan uwanmu na zangon Ghana da Togo, wasu a Lincoln wasu a Omaha, kuma mun saba da abin a hankali. Daga Satumba zuwa Nuwamba ba mai sa walimar suna ko ɗaurin aure ranar Asabar sai ya duba jadawalin wasa, don hanya cushewa take kuma masu tuƙa Uber a cikinmu ranar kasuwarsu ce ke ci. Turawan suna taruwa a wajen ajiye motoci tun safe suna gashi da shan giya, mu kuma gidan mutum ɗaya muke haɗuwa a hura gawayi a bayan gida ayi tsire da yaji, mata su kawo masa da zoɓo, in lokacin sallah yayi a rage muryar talabijin ayi jam'i a falo. Akwai dattawanmu da suke ganin ɓata lokaci ne kuma ba ma musu da su, ana dai kai musu nasu tsiren.

Abin da yasa na riƙe shi da gaske yaran ne Yaya. A nan aka haife su, ranar Juma'a kusan duk ajinsu ja ake sawa, in yaro bai san me ya faru a wasa ba ranar Litinin shi kaɗai zai zauna ana hira. Ni ma maƙwabcina dattijo da muka daɗe daga ɗaga hannu ba abinda ke haɗa mu, takaicin wasan Iowa ɗin nan ne ya fara kawo shi ƙofar gidana, yanzu in dusar ƙanƙara ta zuba shi yake share min gaban gida da injinsa, mu kuma da sallah sai an kai masa nama. Kai ma ai da Pillars ta faɗa ƙasa a 2022 baka daina cewa sai masu gida ba.

A 2024 dai an ɗan farfaɗo a hannun koci Matt Rhule, aka ci 7 aka sha kashi 6. In Allah ya kawo ka a kaka zan nema mana tikiti, amma ka taho da rigar sanyi mai kauri don iskar Nuwamba a filin nan ba sauƙi.