Wasiƙun Baba da waƙoƙinsa suna hannun wani, wa ke da ikon bugawa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Barista. Ni mazauniyar Gangare ce a nan Jos. Mahaifinmu marubucin waƙoƙi ne, ya rasu a 2009. Ya shekara fiye da ashirin suna musayar wasiƙu da wani amininsa edita. In ya gama waƙa sai ya kwafe ta da hannunsa, wani lokaci da ajami, ya aika masa. Shi ma aminin ya rasu. Yanzu ɗansa da ke Abuja ya ba wani malami takardun zai sa su a kundin waƙoƙin da yake haɗawa, har da wasiƙun. Da yayanmu ya kira ɗan aminin sai ya ce gadonsa ne, babu ruwanmu. Mu ma akwai wasiƙun mahaifinsa a adakar Baba. Ina mafita?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa.

Ɗan aminin nan ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Ita takardar da tawadar da ke kanta sun zama na mahaifinsa tun ranar da suka shiga hannunsa, yanzu kuma na magadansa. Yana iya ajiyewa, ya sayar, ko ya kai gidan adana kayan tarihi. Ba za ku tilasta masa ya dawo da su ba, sai in kuna da shaidar cewa aro ne ko amana.

Kalmomin da ke kan takardar kuwa zancensu daban. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta sa wasiƙa cikin ayyukan adabi kamar yadda ta sa waƙa. Wanda ya rubuta shi ke da ikon bugawa, ko fassarawa, ko sawa a intanet, ba tare da ya yi rajista a ko'ina ba. In ya rasu ikon ya koma ga magada, har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar rasuwarsa. Na Malam ke nan sai ƙarshen 2079. Ki duba Sa'adu Zungur, wanda ya rasu tun 1958: nasa ma sai ƙarshen 2028 zai zama na kowa.

Ga inda za su kama ku, gara ki sani tun yanzu. Za su ce ai edita aka aika wa, wanda ya aika wa edita waƙa kuwa so yake a buga. Wannan hujja tana da ƙarfi, don doka ta yarda a fahimci izinin bugawa daga yadda mutane suka yi mu'amala, ko babu rubutu. Sai dai izinin a sa waƙa a jarida a wancan lokacin bai zama izinin a sa ta a littafin sayarwa bayan shekaru ba. Mallaka wa wani haƙƙin ɗungurungum kuwa ba ya inganta sai a rubuce. Saboda haka ku zauna ku karanta wasiƙun da ke adakar nan ɗaya bayan ɗaya. Layi guda da aminin ya ce “na ajiye ta kamar yadda ka ce” ya fi shaidu goma amfani a gaban alƙali.

Adakar kuma ita ce ta sa ba na son ku ɗau zafi. Hukuncin da ya hana shi buga wasiƙun mahaifinku shi ne ya hana ku buga na mahaifinsa. In ma akwai waƙar da ɗaya ya yi wa ta ɗaya tahmisi, wato ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu, to ba ta buguwa sai da yardar gida biyu. Shi malamin mai kundi, haƙƙinsa bai wuce zaɓi da jerantawa da gabatarwar da ya rubuta ba. Yana iya tsakuro 'yan baitoci don sharhi ko nazari, ya ambaci sunan mai su. Waƙa sukutum ko wasiƙa sukutum ta wuce nan.

Kafin komai ku tsayar da wanda zai yi magana da yawun magada. In ba a nemi takardar ikon kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jihar Filato ba, a nema, don da rashinta za a tare ku a kotu. Daga nan lauya ya rubuta wa malamin da kamfanin ɗab'in cewa a dakata. Mafi yawan masu ɗab'i ba sa son su zuba kuɗi a littafin da za a hana sayarwa. In sun ƙi ji, ƙarar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya kaɗai ke sauraronta, akwai ta a Jos, akwai a Abuja. Tana iya hana bugawa, ta sa a biya diyya ko a miƙa ribar da aka samu. Kuna kuma iya kai koke Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa a Abuja.

Amma in kin tambaye ni, ku yi sulhu. Na ga takardun malamai da gara da ɗigar damina suka cinye a cikin adaka, ba wanda ya karanta su, abin yana ci mini rai. Ku yi yarjejeniya a rubuce: waƙoƙi kaza aka yarda, a wannan kundin kaɗai, da cikakken sunan Malam, ba a sauya ko harafi ba, ku kuma duba yadda aka juya ajamin zuwa boko kafin a kai maɗaba'a. A faɗi kasonku. Wasiƙar da ta taɓa sirrin gida ko sunan wani mai rai a cire ta. Ku sa sharaɗin ya ba ku hoton kowace takarda da ke hannunsa, ku ma ku ba shi na wajenku. A makon nan ki ɗauki hoton duk abin da ke adakar da wayarki, shafi-shafi, har da ambulan da hatimin gidan waya, don shi ke nuna kwanan wata.