Amsa: An gano kansar huhu a jikin Baba, ta ina zan fara?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce sai da aka daɗe ana ba shi maganin tarin tibi kafin a gano kansa ce, yanzu kuma kin rasa ta inda za ki kama.

Kada ya riƙa shiga wurin likita shi kaɗai. Dattawanmu da kawaici, sai su ce "to" ko ba su gane ba, balle ana zuba Turanci. Ki riƙe littafi, ki tambayi wace iri ce, ta kai mataki na nawa, kuma ko za a yi gwajin EGFR, wato gwajin neman wani canji a ƙwayoyin halittar kansar, a tsokar da aka ɗiba. In gwajin ya nuna canjin, akwai ƙwayoyin haɗiya da sukan fi kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa da akan bayar ta jijiya) amfani. Cibiyar kansa ta LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba, wadda aka buɗe a 2019, tana gasa kansa da hasken na'ura. Daga Agege ku fito da asuba, kin san cunkoson Legas.

Zazzaɓi lokacin kemo, tarin jini ko sarƙewar numfashi, a kai shi asibiti, kada a jira gari ya waye.

Masu kawo jiƙo ki karɓa da godiya, amma sai likita ya gani. Gorin taba kuwa a bar shi, wanda bai taɓa sha ba ma yana kamuwa.